Akwatin Yayana: a raba kayan, ko a adana wa ɗansa?

Ƙanwar Soja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba. Yau dai abin ya ci ni ne, shawara nake nema.

Yayana soja ne, ya rasu a fagen daga shekara 11 da suka wuce. Ba mu ga gawarsa ba, can aka yi masa sutura tare da abokan aikinsa. Abin da ya dawo mana shi ne akwatinsa na ƙarfe, wani abokinsa ne ya kawo bayan wata 2. Mahaifinmu ya riga shi rasuwa, don haka Mama aka danƙa wa. Tun ranar ta tura shi ƙarƙashin gadonta, ta rataya makullin a wuya. Ni kaɗai na san tana buɗe shi, don ɗakinmu ɗaya kafin in yi aure. Sai dare ya raba, ta ɗauka na yi barci, ta jawo shi a hankali don kada ya yi ƙara, ta ciro hularsa ta ɗora a cinya tana shafawa kamar mai lallashin jariri. Ba ta kuka. In ta jima sai ta mayar.

Yau wata 4 da rasuwar Mama. Da muka zo kwashe ɗakinta muka buɗe. Kaki biyu ne a ciki, ɗaya ma bai taɓa sawa ba, sai hula, takalma da busasshen taɓo har yanzu a ƙasansu, agogon hannu da gilashinsa ya tsage, ƙarfen nan na wuya mai ɗauke da lambarsa, tsohuwar wayarsa, hotuna 9, da wani ƙaramin littafi cike da rubutunsa.

Babban yayanmu ya ce a fitar da abin da zai amfani wani a yi sadaka, sauran a binne, wai akwatin nan ne ya hana Mama warkewa, ba zai bari ya ci wani ba. Ni kuma zuciyata ta ƙi. Marigayin ya bar matarsa da ciki, ta haifi namiji, yaron bai taɓa ganin ubansa ba. Ta yi wani aure, yana hannunta. Har mun fara ɗaga wa juna murya ni da Yaya, abin da ba mu taɓa yi ba. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, yaya kuka yi?

Baban Gida:

Allah ya jiƙan Mama, ya jiƙan yayanki, ya sa sun huta. 'Yata, zan faɗa miki abin da ba lalle ki so ji ba. Ina bayan yayanku. Mamaci ba ya amfana da hula a akwati, addu'a da sadaka su ke isa gare shi. Na san gidan da aka rufe ɗakin mamaci shekara da shekaru, matan gidan suna raɓawa ta ƙofar suna rage murya, yara suka tashi da tsoron wannan lungun. Gyambon da kullum ake ɓantare wa ɓawo ba ya warkewa. Takalman nan da ke lalacewa a akwati, akwai wanda yake tafiya ƙafarsa a ƙasa.

Uwar Marayu:

Baba, da girmanka, ban yarda ba. Mijina soja ne, shekara 7 ke nan. Rigar da ya tuɓe ranar da zai tafi ban wanke ta ba. Ƙamshin jikinsa ya kusa shekara a cikinta. Ranar da na shinshina na ji babu komai, ranar na yi kukan da ban yi ba lokacin da aka kawo labari.

Wanda aka kawo wa gawa ya gani da idonsa, ya taɓa, ya raka. Mu magana kawai aka faɗa mana a bakin ƙofa. Na yi wata da watanni in na ji an taɓa ƙofa da dare sai gabana ya faɗi, in ce ko kuskure aka yi, ga shi ya dawo. Sai da aka kawo jakarsa na ga cokalinsa da tawul ɗinsa, na san ba zai bar su ba in yana raye, sannan zuciyata ta karɓa. Mama ba ta da kabarin da za ta tuna inda yake, akwatin nan shi ta samu.

Sannan ƙanwata, a duk bayaninki ban ji inda kuka tambayi uwar yaron ba. Don ta yi aure ba a goge cewa ita ce matarsa ba.

Ƙanwar Soja:

Anti, wallahi kin kama ni. Ba mu tambaye ta ba. Kunya ce ta hana, muna ganin kamar za mu tayar mata da tsohon miki a gidan wani.

Malam Mai Alli:

Gardamar Baba da Hajiya ta girme mu duka, kuma kowannensu yana da magabata.

Wani matashin hafsa ɗan wani ƙauyen Faransa mai suna Bélâbre ya mutu a yaƙin duniya na farko a 1918, yana da shekara 21. Iyayensa suka bar ɗakinsa yadda ya fita ya bar shi, gadonsa, littattafansa, lofensa, rigar sojansa a rataye. A 1935 da za su rabu da gidan, suka sa sharaɗi a takarda cewa kada a taɓa ɗakin har shekara 500. 'Yan jarida sun shiga a 2014 suka tarar asu ya cinye rigar, amma tana nan inda aka rataye ta. Ita kuwa Käthe Kollwitz, mai zane da sassaƙa 'yar Jamus, ɗanta Peter ya faɗi a Beljiyam a Oktoban 1914, kwanaki kaɗan da isarsa bakin daga. Shekara 18 ta yi tana fama da abin da za ta sassaƙa masa. Da ta gama a 1932, kanta da mijinta ta sassaƙa a durƙushe, suna nan a maƙabartar Vladslo inda aka binne shi.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne faifan tagulla da gwamnatin Ingila ta ƙera bayan wancan yaƙin. Faɗinsa kamar santimita 12, an yi fiye da miliyan 1.3, aka aika wa iyalan waɗanda suka mutu. Sunan mutum kawai aka rubuta, babu muƙami, na janar da na farabiti iri ɗaya. Jama'a suka laƙaba masa suna kwabon mamaci, don ya yi kama da kwabo. Wasu suka rataya a bango suna gogewa, wasu suka kafa a jikin dutsen kabarin iyali, wasu suka mayar wa gwamnati cikin fushi. Yau ka shiga shafukan gwanjo na intanet za ka gan su ana sayarwa.

Baban Gida:

To Malam, ai ka gama min magana. Uwa ta goge shekara 40, tattaɓa-kunne ya kai kasuwa. Da tun farko an yi abin da zai amfani mai rai da shi.

Malam Mai Alli:

Baba, ni abin da na gani daban ne. Wanda ya kai kasuwa ba mugu ba ne, tagulla ya tarar a durowa da sunan da ba wanda ya taɓa ba shi labarinsa. Uwar da ta san wane ne ta mutu da saninta. Tsorona ke nan ga akwatin nan: Mama ta tafi, kuma daga bayanin 'yar'uwarmu ba ta taɓa zama ta faɗa wa kowa me kowane abu yake nufi ba.

Jikar Ɗan Bama:

Malam, kamar labarin gidanmu kake bayarwa. Kakata ta wajen uba tana da wani ƙyalle a cikin kwallar da take ajiye allura da zare. Bai kai tafin hannu ba, rawaya ne, da baƙin gizo-gizo a tsakiya, ƙafafunsa a baje. Muna yara mun ɗauka abin wasa ne, har na taɓa shan faɗa don na ɗauka. Abin da take cewa kawai shi ne, na yayana ne da ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, abokinsa ne ya kawo a 1946. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya, mu ma ba mu tambaya ba, yarinta.

Sai bayan ta rasu, ina jami'a, na ga hoton irin ƙyallen a wani shafi. Ashe tambarin runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944. 'Yar'uwarta runduna ta 82 tambarinta mashi biyu ne a giciye a kan gammo. Daga nan na shiga shafin hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashe renon Ingila, CWGC, wadda ke riƙe da sunayen mutum miliyan 1.7 da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Na sha wuya. Magatakardan Turawa sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, kuma sojoji da yawa sunan garinsu aka sa musu a madadin sunan uba. Na gwada rubutu iri-iri kafin in ga wanda ya dace da sunansa da shekarar da aka daina jin ɗuriyarsa. Yana jikin ginshiƙan tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Na buga a takarda na kai wa mahaifina, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Kakata ta yi shekara fiye da 50 tana tsammanin ba wanda ya san yayanta ya taɓa rayuwa sai ita, alhali sunansa na sassaƙe a dutse. Da na tambaye ta tana da rai, da na san kamanninsa, da na san ko yana da mata. Yanzu ƙyalle da suna kawai gare mu. Ke kuwa 'yar'uwa, abokansa suna raye, matarsa tana raye, ku da kuka tashi tare kuna raye.

Malam Mai Alli:

Kin ma yi sa'a da aka rubuta shi. A Afrilun 2021 wani kwamiti da ita hukumar ta kafa ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, da suka mutu a yaƙin duniya na farko, yawancinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, alhali Turawan da suka mutu tare da su an rubuta sunayensu a dutse. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. Waɗannan in danginsu ba su riƙe sunan ba, shi ke nan ya ɓace.

Tsohon Saje:

Na karanta tun daga sama, sai da na ajiye waya na ɗan zaga kafin in iya rubutu. Ni ina cikin masu haɗa irin wannan akwatin. Na haɗa na mutum 6 da hannuna.

Ƙanwata, bari in faɗa miki yadda ake yi, don ki san abin da ke gabanki. Bindiga da hular kwano da duk kayan gwamnati suna komawa sito. Sauran sai mutum biyu su zauna a bakin shimfiɗarsa, ɗaya yana ɗagawa, ɗaya yana rubutawa. Abin da jini ya ɓata ba ma sawa, don uwa. Muna ninke kaki yadda shi yake ninkewa, kowa da ninkinsa, mun sani. Takalman da kika ce akwai taɓo, mai haɗawar ya ga taɓon sarai. Ya ƙi gogewa ne, don ƙasar da ya taka ta ƙarshe ce. Ni ma ban taɓa gogewa ba.

Ƙarfen wuya kuma biyu ne a yawancin rundunoni. Sojan Ingila sun fara ba da biyu tun 1916, ɗaya a cire a kai wa masu lissafi, ɗaya a bar shi a jikin gawa don a gane ta. In haka aka yi wa yayanki, ɗan'uwan wanda ke hannunki yana tare da shi inda yake kwance. Sojojin Tarayyar Sobiyet a yaƙin duniya na biyu ɗan ƙaramin bututu aka ba su da takarda a ciki su rubuta suna, da yawa suka ƙi cikewa don suna ganin kiran mutuwa ne. Har yau masu tono a dazuzzukan Rasha suna gane wasu ne ta sunan da suka karce a jikin cokalinsu.

Littafin nan ki karanta shi tun daga bango har bango. Soja in zai fita aikin da bai da tabbacin dawowa, bashi yake rubutawa: wane yana bina, ina bin wane. Na sha gani.

Maman Biyu:

Ni tsorona daban ne. Ku ɗauki kaki da hula ku ba yaro ɗan shekara 10, me kuke shuka masa? Ƙanen mijina haka ya tashi yana kallon hoton ubansa da kaki a bango, kowa ya shigo sai ya ce ga magajin jarumi. Yana gama sakandare ya tafi ɗaukar soja, uwarsa tana roƙonsa. Kuma a yi min afuwa, lambar yabo da tuta ba sa biyan kuɗin makaranta. Ita uwar ƙanen mijin nawa ta yi shekaru tana zarya daga wannan ofis zuwa wancan a kan haƙƙin mijinta, fayil ya ɓata, a dawo wata mai zuwa. In za a girmama mamaci a fara da abin da marayunsa za su ci.

Uwar Marayu:

Maganar zaryar ofis gaskiya ce, ni ma na yi ta har takalmina ya cinye. Amma 'yar'uwa, nawa yaran da na ɓoye musu komai, sai suka ƙirƙiri uban da ba shi ba, wani ƙato marar tsoro irin na talabijin. Da na nuna musu wasiƙarsa da yake cewa sauro ya hana shi barci kuma yana kewar gida, sai suka san mutum ne. Babban yanzu aikin jinya yake son karanta.

Ɗalibin Fiƙihu:

Allah ya gafarta wa mamatanmu. Akwai abin da ban ga an taɓo ba, kuma a ganina shi ya kamata a fara da shi: kayan nan na wane ne?

Duk abin da mamaci ya bari wanda mallakinsa ne, ko allura ce, gado ne. Yadda kika bayyana, ya bar mata ɗaya, uwa, da ɗa namiji da aka haifa da rai bayansa. Matar tana da ɗaya bisa takwas, Mama ɗaya bisa shida, ragowar na yaron ne. In aka kasa 24, matar 3, Mama 4, yaron 17. 'Yan'uwa ba sa gado in akwai ɗa namiji, ku abin da ya zo muku shi ne rabon Mama bayan rasuwarta. Ke nan mafi yawan akwatin dukiyar maraya ce, ba ku da ikon yin sadaka da ita ko binne ta, komai kyan niyya. In kuma akwai bashi a littafin, kamar yadda Saje ya ce, shi ake fara biya kafin gado. Ki samu malami kusa da ku ya duba muku dalla-dalla.

Game da ajiyewa don tunawa, Baba ya yi gaskiya cewa addu'a da sadaka ne ke amfanar mamaci, kuma ba a neman tabarruki da kayansa ko a mai da su abin girmamawa. Amma tausayin da zuciya ke ji in ta ga kayan wanda ta rasa ba laifi ba ne. Bayan Badar, Nana Zainab ta aiko da sarƙar wuya don fansar mijinta Abul As, sarƙar da Nana Khadija ta ba ta lokacin aurenta. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gan ta, tausayi mai tsanani ya kama shi, har ya nemi sahabbai in sun yarda a saki mijin a mayar mata da sarƙarta. Shahidan Uhudu kuma, shekara 8 bayan yaƙin ya fita ya yi musu addu'a kamar mai bankwana.

Baban Gida:

Maganar dukiyar maraya ban hango ta ba. Na janye batun rabawa. Amma ina nan a kan cewa kada akwatin ya koma ƙarƙashin gadon wata ta riƙa tashi tsakar dare.

Mai Adana Takardu:

Aikina ke nan, gyaran tsofaffin takardu da hotuna, don haka bari in ce wani abu kafin a yi ɓarna da kyakkyawar niyya.

Wayar ce ta fi gaggawa. Ki cire batirin yau, shekara 11 ya isa ya kumbura ko ya tsiyaye ya ci cikinta. In akwai katin memori, a sa shi a kwamfuta a kwafe komai a ajiye a wuri biyu ko uku, kada a ba mai gyara ya yi mata wankin ƙwaƙwalwa. Agogon ma in na batir ne a cire. Waɗanda ba su daɗe da yin rashi ba su sani, WhatsApp yana goge asusun da ya yi kamar kwana 120 ba a shiga ba, kuma kamfanonin waya suna sayar wa wani layin da aka daina amfani da shi. Saƙon murya a kwafe shi tun da wuri. Facebook kuwa yana karɓar buƙatar iyali a mai da shafin mamaci na tunawa.

Littafin da hotunan, don Allah kada a kai su lamineshin. Zafin injin da gam ɗin robar suna cin tawada, kuma ba a iya warewa bayan an yi. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, yana komawa ruwan ƙasa ya bar tabo. In akwai fil ko ƙarfen maƙala takarda a cire, tsatsa yake yi. A ɗauki hoton kowane shafi a inuwa mai haske, a bayan kowane hoto a rubuta da fensir, ba biro ba, wane ne, ina ne, wace shekara. Wanda za a rataya a bango ya zama kwafi, na asalin rana tana koɗar da shi.

Kakin a naɗe shi a farin yadin auduga mai tsabta, ba leda ba, leda tana riƙe laima ta kawo fumfuna. Akwatin a ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda gara da danshi, a riƙa buɗewa yana shan iska lokaci-lokaci.

Abu na ƙarshe, ki sayi sabon littafi. Kowane abu a ba shi shafi: mene ne, wa ya ba shi, me aka sani a kansa. A Washinton akwai bangon tunawa da sojojin Amurka na yaƙin Biyetnam, an buɗe shi a 1982, sunaye fiye da 58,000. Mutane sun ajiye abubuwa sama da 400,000 a gindinsa, wasiƙu, takalma, har babur, ana kwashewa ana adanawa. Da yawansu ba wanda ya san wa ya ajiye ko don wa, saboda ba a haɗa da rubutu ba.

Ɗan Ci-rani:

Saboda abokin da ya kawo akwatin nake son in ƙara wannan. Sojojin Japan suna tafiya yaƙi da tuta wadda dangi da maƙwabta suka rubuta sunayensu a jiki. Sojojin Amurka da yawa sun ɗebe su daga jikin gawawwaki sun kai gida. Iyalan Japanawa kuwa wasunsu akwatin katako aka kawo musu da tsakuwa a ciki maimakon ƙashi. A 2017 wani tsohon sojan Amurka mai shekara 93 ya tashi takanas ya je wani ƙauye a Japan, ya mayar da tutar da ya ɗauka a tsibirin Saipan a 1944. Ƙannen mamacin suna raye, tsofaffi tukuf. Ƙanen ya kai tutar hancinsa yana shinshinawa, ƙanwar ta rufe fuska tana kuka. Shi ne mutum na farko da ya iya faɗa musu inda yayansu ya faɗi da yadda ya gan shi. Ku nemi wannan abokin tun yana da rai, ku naɗi muryarsa.

Ƙanwar Soja:

Assalamu alaikum. Na dawo bayan kwana 9, na ga ya kamata ku ji.

Na fara da kiran uwar yaron kamar yadda Anti ta ce. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ta ce shekara 11 tana son ta tambayi agogon amma tana jin nauyin Mama. Ta ce hoto ɗaya tak yaron ya taɓa gani. Mijinta ne da kansa ya kawo su ranar Asabar, Allah ya saka masa.

Yaya da na karanta masa bayanin gado bai yi musu ba, ya ce ba zai ci dukiyar maraya ba, amma shi ba zai zauna a buɗe a gabansa ba. A bakin ƙofa ya tsaya. Yaron ya fara ɗaukar takalmi ya zura ƙafarsa, ta nutse a ciki. Ya karanta lambar ƙarfen wuyan da ƙarfi har sau biyu. Batirin wayar ya kumbura kamar yadda aka ce, amma katin ya yi aiki. Hotuna ne, da murya ɗaya ta daƙiƙa 40, yana gwada naɗar sauti ne kawai, yana dariya yana ce wa wani ya miƙo masa ruwa. Yaron ya ɗago ya ce, Gwaggo, ai muryar Baffa ce. Sai Yaya ya fita.

Da ya dawo idonsa jawur, ya zauna a ƙasa ya ɗauki agogon. Ashe shi ya saya masa da albashinsa na farko, kuma tsagewar gilashin tun a gida ta faru, ranar da suke gyaran kwanon ɗakin Mama tare. Ni ban taɓa sani ba. Ya yi ta ba yaron labari har magariba, ni ina rubutawa a sabon littafin, mun cika shafi 14. Baba, ya ce in faɗa maka ya sayi takalma daga aljihunsa ya bayar da niyyar ladan ya kai ga marigayin. Akwatin zai zauna a wurina a kan katako har yaron ya mallaki hankalinsa, agogon yana hannun mahaifiyarsa da yardar kowa.

Saje, abin da ka faɗa haka ne. Shafi na ƙarshe bashi ne, sunaye 5, ya soke 3. Ɗaya mun san shi, mun kai masa, ya yi ta kuka ya ce ya yafe tun tuni. Na biyar laƙabi ne kawai da lambar soja a gefe. Ta ina zan fara?

Tsohon Saje:

Kada ki sa lambar a nan. Ki fara da abokin da ya kawo akwatin, in bataliyarsu ɗaya zai gane laƙabin nan take. In bai gane ba, lambar soja tana nan a rajista ko mutum ya bar aiki. Idan kuma shi ma ya riga mu gidan gaskiya, iyalinsa za a nema a ba su. Turo min ta akwatin saƙo, gobe da safe zan fara kiran waɗanda na sani.